Gunki ne, abin wasa ne, ko kayan tsafi? Fashin baƙi kan mutum-mutumin yumɓu na manoman farko

A gidan adana kayan tarihi na Ankara, babban birnin Turkiyya, akwai wata mace ta yumɓu wadda tsayinta bai wuce santimita 20 ba. Zaune take a kan kujera, jibgegiya, tumbinta ya zubo bisa cinyoyi, hannayenta dafe da kawunan wasu namun daji biyu masu kama da damisa. Wutsiyoyinsu sun bi ta bayanta sun lanƙwaso a kafaɗunta. Tsakanin ƙafafunta akwai wani ɗan dunƙule, wasu sun ce kan jariri ne yana fitowa, wasu sun ce ƙoƙon kan mamaci ne. Wani Baturen Ingila mai suna James Mellaart ne ya tono ta a 1961, a cikin rumbun hatsin wani gida, a kufan wani tsohon gari da ake kira Catalhoyuk, kusa da birnin Konya. Ta kai shekara 8,000 a duniya.

Duk Bahaushen da aka nuna wa hotonta, kalma ɗaya ce za ta fito daga bakinsa: gunki. Shi ma Mellaart abin da ya faɗa ke nan da nasa harshen. Ya ce abar bauta ce, uwar haihuwa da albarkar gona, wadda namun daji ma suke rusuna mata. A ganina wannan kalma tana rufe magana tun ba a buɗe ta ba. Da zarar ka ce gunki, ka riga ka ɗauka cewa an ƙera abin don ya daɗe, an kafa shi a keɓaɓɓen wuri, ana zuwa gabansa ana roƙo. Shaidar da ta fito daga ƙarƙashin ƙasa cikin shekaru 30 da suka wuce ta nuna cewa mafi yawan waɗannan abubuwa ba su yi irin wannan rayuwa ba ko kusa. Muhimmancinsu yana cikin abin da hannu ya yi musu: murzawa, sokewa, karyawa, binnewa.

Su wane ne mutanen?

Masana suna kiran wannan zamani Niyolitik, wato sabon zamanin dutse. Lokaci ne da ɗan Adam ya kama noma da kiwo ya zauna wuri ɗaya, alhali bai san ƙarfe ba tukuna. Gatarinsa da wuƙarsa da haƙoran laujensa duk na dutse ne. A Gabas ta Tsakiya abin ya soma kimanin shekara 11,500 da suka wuce, da alkama da sha'ir, sannan awaki da tumaki, ya bazu cikin Turkiyya ta yau, ya tsallaka zuwa Girka da ƙasashen Balkan na kudu maso gabashin Turai. Ba su bar rubutu ba, don haka ba sunan abin bauta ko ɗaya da ya iso gare mu, ba addu'a, ba kirari. Wani abin lura kuma, a wannan yanki mutane sun daɗe suna murza yumɓu suna fitar da siffar mutum da dabba kafin su fara ginin tukunya. Siffa ta riga tukunyar girki.

An zauna a Catalhoyuk daga wajen 7100 zuwa wajen 6000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Garin ba shi da titi ko lungu. Gidajen tubali ne manne da juna, ta saman soro ake shiga, a sauko da tsani kusa da murhu. In gida ya tsufa sai a share shi tas, a rushe rabin bangon a cike cikinsa, a ɗora sabo a kai, har wurin ya zama tudu mai tsayin kusan mita 20. Suna binne mamatansu a cikin ɗaki, ƙarƙashin dakalin da suke kwana a kai. A bango suna kafa ƙahonin shanun daji, suna zana ungulaye na shawagi bisa gawarwakin da ba su da kai. Mellaart ya ga ɗakunan da aka fi ƙawatawa, kusan 40 daga cikin waɗanda ya tona, ya kira su matsafa.

Ra'ayinsa ya sami babbar mai goyon baya, Marija Gimbutas, 'yar asalin Lituweniya da ta koyar a jami'a a Amurka, ta kuma yi tonon kufai a Girka da Masedoniya. Ita ta haɗa dubban mutum-mutumin da aka samu a kudu maso gabashin Turai ta ce duk fuskoki ne na abar bauta mace guda ɗaya, kuma al'ummomin da suka yi su masu zaman lafiya ne, mata ke da martaba a cikinsu, har sai da makiyaya mahaya dawaki suka kwararo daga gabas suka rushe tsarin. Labari ne mai daɗin ji, ya kuma shiga zukatan mutane ƙwarai, har wasu suka riƙa zuwa Catalhoyuk ziyara irin ta ibada. Sai dai tun a shekarun 1960 wani masani, Peter Ucko, ya ɗaga yatsa. Ya ce ku dubi al'ummomin da ke raye suna yin irin waɗannan abubuwa: wasu 'yar tsana ce ta yara, wasu kayan koyarwa ne a bikin balaga, wasu na magani ne a yi amfani da su sau ɗaya a yar. Da wace hujja za a ce duk alloli ne?

Abin da juji ya faɗa

A 1993 wani masani Baturen Ingila, Ian Hodder, ya sake buɗe aikin Catalhoyuk da tawagar masana daga ƙasashe da dama, suka shafe kusan shekara 25 suna yi. Bambancin aikinsu da na farko a wajen natsuwa yake. Ma'aikatan Mellaart sun yi sauri, sun tsinci abin da ido ya gani, mutum-mutumi kusan 200. Tawagar Hodder kuwa tankaɗe ƙasa take yi, kuma duk abin da aka tsinta sai an rubuta daidai inda yake kwance da abin da ke kusa da shi. Ta haka aka tara kusan 2,000. Lynn Meskell da Carolyn Nakamura, waɗanda suka duƙufa a kansu, sun nuna cewa waɗanda za a iya cewa lallai siffar mace ce ba su kai 5 cikin 100 ba. Mafi yawa dabbobi ne masu ƙafa huɗu, da 'yan ƙahonin da suka ɓalle daga jikinsu, da wasu 'yan dunƙulaye da aka matsa da yatsa biyu aka fitar musu da hanci kawai, ba a san mace ba ne ko namiji.

Ka ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan a zuciyarka. Bai fi ɗan yatsa tsawo ba. An ɗebo laka daga bayan gari, an murza a tafin hannu, an ja ƙafafu huɗu, an tsunkuno ƙaho biyu, aikin da ba zai ci minti biyar ba. Ba a gasa shi da gangan yadda maginiya ke gasa tukunya ba. Ko rana ce ta busar da shi, ko ɗumin murhu. A jikin wasu har yanzu ana ganin sawun yatsa. To ina aka same su? A juji, cikin toka da ƙasusuwan abinci da shara, da cikin ƙasar da aka cike tsofaffin gidaje da ita. Da wuya a same su a kabari, da wuya a same su a kan dakali ko cikin alkukin bango inda mutum zai sa ran ganin abin da ake girmamawa.

Ɗakunan da aka kira matsafa ma, da aka bincika daɓensu da madubin ƙara girma, sai aka ga burbushin girki da sassaƙar dutse da sauran harkokin yau da kullum. Gidajen zama ne. Wasu dai sun fi wasu yawan kaburbura da ado, an kuma fi sake gina su a wuri guda. Ma'ana, ibadar waɗannan mutane, ko wace iri ce, a cikin ɗaki take, kusa da tukunya da shimfiɗa.

Nan ne mai karatu zai ce to ashe kayan wasan yara ne kawai. Wannan ma ba a kore shi ba, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya ga yara a bakin tafki suna gina shanun laka, har da tozo, su jera su a rana. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce a ƙasarmu: a kufan Gajiganna da ke Borno, inda makiyaya masu kayan aikin dutse suka zauna tun wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da kuma tudun Daima da Graham Connah ya tona a shekarun 1960, an sami 'yan dabbobin yumɓu, kuma tambayar da ake yi a kansu ita ce dai wadda ake yi a Turkiyya. Amma akwai abubuwan da wasa ba ya iya bayyanawa.

Shanun da aka soke

A gefen Amman, babban birnin Jodan, akwai wani kufai mai suna Ain Gazal, wato idon ruwan barewa. Aikin hanya ne ya bankaɗo shi a 1974, daga baya Gary Rollefson da abokan aikinsa suka tona shi. A wani ɗan rami ƙarƙashin daɓen wani gida sun sami shanu biyu na yumɓu kwance gefe da gefe. An soka musu 'yan siraran tsinin dutse masu kaifi a jiki tun yumɓun yana ɗanye, sannan aka binne su. A Catalhoyuk ma akwai dabbobin yumɓu da yawa masu ramukan suka a jikinsu.

Wanda ya haƙa rami a cikin ɗaki, ya kwantar da shanu biyu da makami a jikinsu, ya rufe, yana da wata niyya. Wasu masana sun ce asirin farauta ne, a kashe dabba a yumɓu kafin a fita nemanta a daji. Wasu sun ce madadin yanka ne, ko hanyar korar cuta. Ko wanne ne, abin da ya bayyana shi ne cewa saniyar yumɓun ba ita ake roƙo ba. Kayan aiki ce. Bahaushe ya san bambancin, domin a harshenmu gunki daban, abin da boka ya haɗa ya ce a je a binne daban. Na farko ana komawa gare shi, na biyu kuwa da an gama aikin shi ke nan. Idan aka dubi abin ta nan, samun dubban mutum-mutumi a juji ya daina zama abin mamaki. Abin da ƙarfinsa ke cikin yinsa, in an gama yi, saura laka.

Karyawa ma haka. A ƙasashen Balkan, a kufai irin su Vinca da ke bakin kogin Danube kusa da Belgrade, inda Miloje Vasic ya fara tono a 1908, mafi yawan mutum-mutumin a karye ake samunsu, kuma sau da yawa ɗaya ɓarin ba ya wurin sam, duk tankaɗen da za a yi. Lauren Talalay ta lura da wasu daga kudancin Girka, har da na kogon Franchthi, waɗanda aka gina ƙafafunsu daga dunƙule biyu aka manna, yadda za su rabe a tsakiya cikin sauƙi. Ta kawo shawarar cewa shaidar alkawari ce: mutum biyu su raba, kowa ya tafi garinsu da rabi, ko na aure ne, ko na ciniki, ko na amana. John Chapman ya faɗaɗa wannan tunani ya ce karya abu a raba wata hanya ce ta ƙulla zumunci tsakanin rayayyu, da kuma tsakaninsu da matattu. Ba kowa ya yarda ba, don yumɓun da bai gasu sosai ba yana karyewa da kansa, musamman a wuya da ƙugu. Ni dai hujjar ɓarin da ya ɓace ta fi kama mini hankali.

Inda ba a musun tsafi

Kada a ɗauka cewa komai an mayar da shi juji. Akwai abubuwan da aka yi musu hidimar da ba a yi wa abin banza.

A Ain Gazal ɗin nan, a 1983 da 1985, an sami ramuka biyu da aka jera manyan mutum-mutumi a ciki, sama da 30 gaba ɗaya, masu kusan shekara 9,000. Waɗannan ba na yumɓu ba ne. An ɗaure karan bakin ruwa an yi ƙashin jiki, aka shafe da farar ƙasar da aka samu ta hanyar ƙona dutse a wuta mai zafin sama da digiri 800, aka zagaye idanu da baƙar kwalta. Wasu sun kusa mita ɗaya, wasu kuma kai biyu gare su a kafaɗa ɗaya. Aiki ne na gwanaye, mai cin itace da lokaci, kuma an yi su ne don a tsayar da su jama'a su gani. Da zamaninsu ya wuce ba a watsar da su ba, an kwantar da su a tsanake ƙarƙashin gidajen da aka daina zama, kamar yadda ake yi wa mutum.

A Romaniya, a wani wuri mai suna Poduri, an tarar da tukunya ɗauke da 'yan mata na yumɓu 21 da 'yan kujeru 13. Daga baya a Isaiia, wani kufai daban a ƙasar, aka sake samun tukunya da mata 21 da kujeru 13. Lamba ɗaya a wuri biyu ba dace kawai ba ne. Akwai wata ƙa'ida da mutanen suka sani, ko ta labari, ko ta biki, wadda ake fito da kayan a jera sannan a mayar. A Parta, a yammacin ƙasar, an sami gini mai ɗauke da babban mutum-mutumi mai jiki biyu a kan dakali, ɗaya da kan bijimi, kuma a nan kam kalmar matsafa ta zauna daidai. A yankin Tasaliya na Girka, a Platiya Magula Zarku, an binne wani ɗan ƙaramin gida na yumɓu marar rufi ƙarƙashin daɓe kusa da murhu, cikinsa da tanda da dakali da mutanen gida, manya da yara. Wanda ya binne shi gidansa ya sa a ƙasa, da iyalinsa a ciki.

Maza ma suna nan. A 1956 a makabartar Cernavoda, a bakin Danube, an tono wani namiji na yumɓu zaune a kan 'yar kujera ya yi tagumi da hannu biyu, tare da wata mace zaune ta dafa gwiwa. Duk wanda ya gan shi zai gane zaman, don zaman mai tunani ne ko mai makoki.

Kai da gangar jiki

Zaren da ya fi tsawo a cikin wannan al'amari, a nawa karatun, shi ne na kai. A 1953 Kathleen Kenyon tana tono a Yariko, garin da Larabawa ke kira Ariha a Falasɗinu, ta ci karo da ƙoƙunan kan mutane guda 7 da aka sake gina musu fuska da farar ƙasa, aka sa musu bawon halittun teku a gurbin ido, wani ma da wuri. An sami irinsu a wasu wurare a Jodan da Siriya da Turkiyya. Yadda abin yake, a binne mamaci, bayan naman ya zube a buɗe kabarin a ɗauke kan, a gyara shi, ya ci gaba da zama cikin mutane na wani lokaci. A Catalhoyuk a 2004 an buɗe kabarin wata mata aka same ta rungume da irin wannan kai a ƙirjinta, an shafe shi da jan launi, an kuma yi masa shafe fiye da sau ɗaya, alamar ya daɗe a hannun mutane kafin ya bi ta.

Yanzu a koma kan yumɓu. Mutum-mutumi da yawa a Catalhoyuk ba su da kai, kuma wasunsu ba karyewa kan ya yi ba: akwai ɗan rami a wuya inda ake soka kai a cire. A 2005 aka sami wata wadda, in ka dube ta ta gaba, mace ce mai cikar jiki, hannu bisa nono, ciki ya fito. In ka juya ta sai ka ga ƙashin baya da haƙarƙari da allon kafaɗa a fili, ƙwarangwal sosai. Ita ma rami ne a wuyanta. Abin da ake yi wa gawa a ƙarƙashin dakali, shi ake maimaitawa a tafin hannu da laka.

Wannan ne ya sa masana da yawa a yau suka karkata ga cewa abin da ya fi damun mutanen nan shi ne kakanni da dawwamar gida, wato wa ya riga mu a wannan ɗaki, kuma ta yaya za mu riƙe shi. Jibga-jibgan matan ma aka sake dubansu. Tumbin da ya zubo da nonon da ya kwanta sun fi kama da jikin dattijuwar da ta haifa ta gama, ta ci ta ƙoshi, fiye da jikin mai juna biyu. A 2016 an sami wata irinta ta dutse, mai nauyin kusan kilo 1, an ajiye ta da kulawa ƙarƙashin dakali, kuma fassarar da masu tonon suka fi ba ta ita ce tsohuwa mai daraja. Damisar da ke gefen kujera ma tana da nata labarin: duk yawan siffarta a bangon garin, cikin tarin ƙasusuwan dabbobi da tawagar Hodder ta tantance, abin da aka samu nata farce ne guda ɗaya, an huda shi don ratayawa, a cikin kabari. Dabba ce da ake zanawa amma ba a shigo da gawarta gida. Macen da aka zaunar a tsakanin irin waɗannan biyu ba ƙaramar mace ba ce.

A nan ya kamata a yi wa Gimbutas adalci. A 2025 an wallafa binciken ƙwayoyin halittar mutum 131 da aka binne a gidajen Catalhoyuk, ya nuna cewa dangantakar waɗanda ke kwance a gida ɗaya ta fi bin tsatson uwa, kuma yara mata sun fi yara maza samun kayan rakiya a kabari. Ke nan hasashenta cewa mata na da babban matsayi bai faɗi ƙasa banza ba. Inda ta zarce shi ne mayar da kowace siffa abar bauta guda ɗaya tun daga Konya har Danube, a tsawon dubban shekaru. Mai yiwuwa matar da ke Ankara tana da suna a bakin waɗanda suka sa ta a rumbu, sunan wata kaka da gidan ke jin cewa hatsinsu na hannunta. Kan da maziyarta ke gani a wuyanta yau gyaran zamani ne, masu gyaran kayan tarihi suka ɗora mata. Ranar da aka ciro ta daga rumbun a 1961, ba ta da kai.